Wanke-wanken Malam Khamis

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin taro ya ji Khamis yana magana a kan zaman aure, sai ya fito yana taya matarsa murna tun bai san ta ba. Matar kuwa, Sailuba, shekararta tara a gidansa ba ta taɓa ganin ya ɗauke kofin da ya sha shayi ba. Ƙarƙashin kujera yake tura shi da dunduniya, sai jerin tururuwa ya nuna mata inda yake.

Khamis ma'aikacin wata ƙungiya ce mai zaman kanta a Abuja, irin masu bin otal-otal suna shirya taron bita. Aikinsa shi ne ya tara maza ya koya musu taimakon iyali. Allah Ya ba shi murya, ga gemu gyararre, ga iya ɗaga hannu a inda ya dace. Idan ya zo wurin da zai ce namijin kirki ba ya jin kunyar riƙe tsintsiya, sai ya yi shiru ya kalli ƙasa, matan da ke wurin su ɓarke da tafi. Kwana uku yake zuwa ofis a mako. Sauran kwanakin yana miƙe a doguwar kujera da kwamfuta a kan ciki, wai rahoto yake rubutawa.

Ita Sailuba nas ce a wani asibitin kuɗi a Gwarimpa. Daga Zariya suka zo su biyun, tsadar haya ta koro su daga cikin Abuja zuwa Madalla, wani gida mai sassa huɗu a bayan layin masu walda. Kafin a kira assalatu ta tashi. Ta ɗora ruwan wanka, ta soya abin kari, ta shirya 'ya'yansu, Jannat da ƙanwarta, ta zuba musu na makaranta, ta zuba wa mai gida nasa a kula, sannan ta fita bakin titi kokawar mota. Idan ta dawo da magariba, bayan cunkoson Zuba ya gama dafa ta, kwanukan safe na nan suna jiranta, an ƙara musu na rana, shinkafa ta bushe a jikinsu kamar an liƙa da gam.

Ba wai ba ta taɓa magana ba. Da farko da lallashi ta fara.

"Baban Jannat, don Allah idan ka gama ci ko ruwa ne ka zuba wa kwanon, kar ya bushe."

"Ba komai, zan yi."

Wannan "zan yi" da tana haihuwa da yanzu ta yi jikoki. Daga baya ta koma ba shi aiki guda ɗaya tak, mai suna, don kar ya ce bai gane ba. Ta ce ya sauke wake idan ruwan ya tsotse, sai ya bar shi ya ƙone har maƙwabta suka buga ƙofa. Ta ce ya jiƙa mata fararen kayan aikinta, sai ya haɗa su da jan zanen gado, ta yi mako tana zuwa asibiti da rigar aro. Duk lokacin da haka ta faru sai ya buɗe hannuwa, fuskar nan abin tausayi.

"Kin gani ko? Ni fa hannuna ba shi da sa'ar irin waɗannan abubuwan. Ke Allah Ya ba ki baiwa."

Baiwa. Mutumin da yake haɗa na'urar haska hoto a bango cikin minti biyu, yake gyara janareta idan za a buga ƙwallon Turai, shi ne wake ya fi ƙarfinsa. Tun daga ranar zanen gadon nan Sailuba ta gane ɓarnar da gangan ce, don a daina sa shi. Ta kuwa daina. Amma wani abu ya zauna mata a ƙirji, wanda ba fushi ba ne, don fushi yana hucewa. Idan ta dube shi yana gyara hula a madubi zai fita koya wa maza tarbiyya, inuwar giginya kawai take gani, na nesa ka sha.

A sashen da ke kallon nasu akwai Obadiya, malamin firamare ɗan Filato, da matarsa Patience mai sayar da gwanjo a kasuwar Madalla. Kowace Asabar Obadiya zai fito da baho da kujerar tsugunno, ya wanke kayan gidansu kaf yana fito. Khamis kan ɗaga labule ya leƙa, ya yi tsaki.

"Dubi wannan, mijin-ta-ce. An gama da shi."

Wata Laraba da yamma Khamis ya dawo da fara'a, har da ledar lemo da ayaba, abin da ba ya yi sai yana neman wani abu. Sailuba na tsugunne tana tsince shinkafa, ko takalmin aiki ba ta cire ba.

"Madam, albishirinki. Ofis za su yi ɗan fim a kan maza masu taimakon matansu, kuma ni aka zaɓa. Ranar Asabar za su zo nan gidan su ɗauka."

Ta ɗago ta dube shi. "Su ɗauki me?"

"Ni mana, ina aikin gida. Abu ne mai sauƙi. Ki gyara ko'ina tsaf ranar Juma'a. Sai ki ware min faranti kamar shida, masu tsabta, ki ɗan shafa musu manja a gefe. In ɗauraye, su ɗauka. Ke kuma ki sa leshin nan naki ruwan toka, ki zauna a kujera kina hutawa, kina murmushi. Shi ke nan."

"Ina da aiki ranar Asabar."

"Ki canza da wata. Wannan fa harkar ci gabana ce. Har ƙasashen waje za a nuna shi."

Ta mayar da kai kan shinkafarta. Ta tsince tsakuwa ɗaya, ta tsince ta biyu. Ta ce, "To."

Ta canza aikin kuwa. Ranar Juma'a ta yi tuwon masara miyar kuɓewa, ta soya kifi, ta dama wa yara kunu. Kowa ya ci ya ƙoshi. Sai ta tattara kwanukan ta jibge su a kicin yadda suke, tukunyar tuwo a sama da muciya a tsaye a ciki. Kayan makarantar yara ta tara su a kwando a bakin ƙofa. Duron ruwa saura kaɗan a gindi, ba ta kira 'yan ga-ruwa ba. Khamis bai lura ba, don rabonsa da leƙa kicin tun ranar da suka tare. Yana ɗaki yana gwada riguna, yana neman wadda za ta nuna shi mai sauƙin kai.

Da hantsi baƙin suka iso, su biyu. Yetunde, mai shirya fim ɗin, doguwar mace mai tabarau da saurin magana, Turanci take yi sai jefi-jefi ta sako Hausar da ta tsinta a bautar ƙasa. Sai Daniel mai kyamara, mutumin Kafanchan, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Sailuba ta tarbe su cikin leshi ruwan toka, ta kawo musu ruwa, ta koma kujera ta harɗe ƙafa kamar yadda aka umarce ta.

Khamis ya naɗe hannun riga, ya yi musu jagora zuwa kicin yana bayani. Yana tura ƙofar bayanin ya tsaya cak. Ƙudaje suka tashi suka gaishe shi.

Ya juyo ya kalli Sailuba. Ita kuwa murmushi take yi, irin wanda ya ce ta yi.

"Am, bari mu ɗan ba Madam minti goma ta..."

Yetunde ta katse shi, ta tafa hannu don murna. Ta ce wannan shi ne abin da take nema. Duk gidan da suka je sai su tarar an share an goge an fesa turare, namiji na wanke farantin da ba a ci komai a ciki ba, mai kallo kuma ba wawa ba ne. Kar a taɓa komai. Daniel ya kafa kyamara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Khamis ya tsaya a tsakiyar kicin ɗinsa kamar baƙon da ya sauka a tashar da bai sani ba. Ya buɗe durowar farko yana neman soso, ya tarar da garin kuka. Ya buɗe ta biyu, ashana da kyandir. Soson na rataye a ƙusa daidai goshinsa. Da ya same shi sai ya leƙa duro, ya ga fuskarsa a ɗan ruwan da bai cika moɗa uku ba.

"Ruwa ya ƙare," in ji shi, yana kallon falo.

"Yauwa, mu ɗauki yadda kake samo ruwa," in ji Yetunde.

Haka suka fito tsakar gida, Khamis da bokiti biyu, Daniel na bin sa. Bai san inda 'yan ga-ruwa suke tsayawa ba. Ya fita ƙofar gida ya kalli gabas, ya kalli yamma, masu walda suka dakata da aiki suna kallonsa. Obadiya, da ke tsugunne gaban bahonsa da kumfa har gwiwar hannu, shi ya tausaya masa.

"Maƙwabci, yau Asabar ba sa shigowa layin nan sai azahar. Ɗebi a durona, in sun zo ka mayar."

Khamis ya ɗebi ruwan mijin-ta-ce, ya ce ya gode ba tare da ya haɗa ido da shi ba. Kafin ya kai kicin rabin ruwan ya ƙare a ƙafar wandonsa.

Farantan dai ya yi musu yadda ya iya. Ya zazzage rabin ledar omo a baho ɗaya, kumfa ta taso ta rufe komai, ya riƙa lalube a ciki kamar mai kamun kifi. Kofi ɗaya ya suɓuce ya fashe. Miyar kuɓewa ta bi shi har gemu. Duk da haka bakin bai mutu ba, yana wankewa yana juyowa wajen kyamara yana cewa aure haɗin gwiwa ne, aure tausayi ne. Daga kujerarta Sailuba na hango ƙeyarsa, gumi na gangarowa cikin wuyan rigar da ya ɓata sa'a guda yana zaɓa. Ta duba zuciyarta ko za ta sami ɗan tausayi. Ba ta samu ba. Abin da ta tuna shi ne watan da take da tsohon cikin ƙanwar Jannat, tana durƙushe a daidai wurin nan tana wannan aikin, shi kuma yana ƙwala mata kira daga falo ta zo ta miƙo masa rimot.

Sai aka zo kan tukunyar tuwo. Ƙanzo ya kwana ya kama gindinta ya zama dutse. Khamis ya goga da soso, ko gezau. Ya sa farce. Ya ɗauko cokali yana ƙwaƙula, ƙarar na shiga haƙori. Ya ɗauko wuƙa. Daniel ya yi haƙuri har ya gaji, ya ɗago kai daga bayan kyamara.

"Oga, jiƙa ta ake yi tukuna. Ka zuba ruwa ka bar ta."

"Na sani," in ji Khamis. "Ina so in nuna wa masu kallo hanyar da ba daidai ba ne."

Daniel ya mayar da ido kan kyamara, yana danne dariya.

Da aka gama, Yetunde ta ce saura hira da uwargida. Aka zaunar da su a doguwar kujera, Khamis a jiƙe yana ƙamshin omo, Sailuba tsaf da ita. Yetunde ta ce ta yi magana da Hausa abinta, za a rubuta fassara a ƙasa. Tambayar guda ce: a cikin ayyukan gidan nan, wanne da wanne mijinta yake ɗauke mata?

Sailuba ta juya ta dubi Khamis. Tunda take da shi ba ta taɓa ganin idonsa haka ba. Roƙo ne tsantsa a ciki, irin na akuyar da ta hango mahauci. Kalma uku za ta faɗa, "ba ya komai," ta rushe shi a gaban kyamarar ofishinsu. Kalmomin har sun zo bakinta, kuma ta san za su yi daɗi. Amma daɗin na yini ɗaya ne, gobe kwanuka na nan. Ta gyara zaman mayafinta.

"Gaskiya Baban Jannat ba ya son ya ga na wahala," in ji ta, a nutse. "Wanke-wanke dai nasa ne, safe da yamma. Shi da kansa ya ce kar in ƙara sa hannu. Ruwa ma shi yake tsayawa a cika duro. Ranar Asabar kuma shi yake wanke kayan makarantar yara. Ni girki ne nawa, da shara, da guga, da sauran abin da ya rage." Ta juyo gare shi da murmushi. "Ko na manta wani abu?"

Kyamara ta karkata kan Khamis.

"Haka ne," in ji shi. "Haka ne. Ai... ai aure haɗin gwiwa ne."

Motar baƙin ba ta gama fita layin ba ya rufe ƙofa ya juyo.

"Ni za ki wulaƙanta? Me na ce ki yi? Faranti shida na ce!"

"Ka ce in zauna in huta in yi murmushi. Wanne ne ban yi ba?"

"Kuma ki zauna kina shirga ƙarya a gaban mutane!"

"In ƙarya ce, ga lambar Yetunde nan ta ba ni. In kira ta in ce a goge, in gaya mata gaskiyar?" Ta ɗauko wayar ta riƙe a tafin hannu. "Kai nake jira."

Bai ce ta kira ba. Ya shige ɗaki ya bugo ƙofa.

Bayan mako biyu fim ɗin ya fito. An yanke wurin wuƙa da wurin kofi, an sa kiɗa mai taushi, Khamis ya fito kamar wanda aka haifa da soso a hannu. Shugabar ofishinsu ta yaba masa a gaban ma'aikata. Kafin kwana uku ya zaga wayoyin Madalla. Masu walda suka koma gaishe shi da "Oga, ya ruwa?" Matan layin kuwa, waɗanda suka san gaskiya sarai, sai suka riƙa tare shi a ƙofar gida da fuskar mutunci suna cewa Allah Ya ƙara irinsa, su ma sun nuna wa nasu mazan.

Yayarsa Bara'atu ta bugo daga Zariya, ba ta ko amsa gaisuwar Sailuba ba.

"Ke yanzu ƙanin nawa kika mayar boyi-boyi? Har a duniya ana kallo? Mu a gidanmu namiji ko moɗa bai ɗauka!"

"Wallahi Yaya ni ma na hana shi, ya ƙi. Ga shi nan, ki yi masa faɗa da kanki."

Ta miƙa masa wayar. Ta tsaya tana jin sa yana kame-kame, yana ce wa yayarsa zamani ne ya canza, kuma aikin lada ne. Abin da baki ya ɗaure, hannu ba ya kwancewa.

A cikin gida kuwa yaƙin bai ƙare da wuri ba. Khamis ya ɗauka idan ƙura ta lafa komai zai koma yadda yake. Sailuba ba ta yi masa gori ba, ba ta tuna masa ba, kawai dai ba ta ƙara taɓa soso ba. Kwanuka suka taru kwana biyu. A na uku ta dawo daga aiki ta ce babu tukunyar da za ta ɗora, ta jiƙa wa yara garin kwaki da sukari da gyaɗa, ita ma ta sha, ta miƙa masa nasa a kofin roba. Ya kalli garin, ya kalle ta. Ya tashi ya shiga kicin.

Sai ya koma tsohuwar dabararsa. Ya riƙa wankewa sama-sama, maiƙo a bayan faranti, ƙullin tuwo a gindin cokali. Da can da ta karɓe ta sake wankewa tana ƙunƙuni. Yanzu sai ta ware mafi maiƙon cikinsu ta zuba masa abincinsa a ciki.

"Wannan farantin ƙarnin kifi yake yi."

"Ai kuwa. Wa ya wanke?"

Cikin mako guda hannun da ba shi da sa'a ya sami sa'a. Faranti har ƙara yake yi idan an goga yatsa. Ya san sunan mai kurar da ke kawo ruwa, ya san ranar da ba ya zuwa. Sailuba ba ta yi mamaki ba, kuma ba ta ji sanyi ba. Ganin yadda ya iya ɗin ma sai ya ƙara mata wani abu, don ya tabbatar mata shekara tara yana iyawa.

Wankin Asabar ne ya fi ja masa rai, don shi a tsakar gida ake yi, a gaban Obadiya. Asabar ta farko ya ce yana da taro. Ta biyu ya ce bayansa na ciwo. Sailuba ta bar kwandon a inda yake, ranar Litinin ta ce shi zai raka yara makaranta ya yi wa malamarsu bayanin dalilin da suka zo da kayan gida. A Asabar ta uku ya fito da baho, ya zaɓi lungun da ya fi nisa da ƙofar gida, ya juya wa kowa baya.

Sailuba ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a inuwar baranda. Patience ta zo ta zauna kusa da ita da dafaffiyar masara a kwano, suna ci suna hirar sabon dilan gwanjon da ta buɗe. Can Patience ta yi nuni da haɓa wajen mazan biyu, kowa da bahonsa, ta rage murya.

"Maman Jannat, wane magani kin yi masa? Ki ba ni in sayar a kasuwa."

"Ba magani. Mutane yake tsoro."

"To ai ya gyaru."

Sailuba ta ɓantari masara, ta tauna. Ita ta roƙe shi shekara tara, da ciki da goyo da zazzaɓi, bai motsa ba. Baƙuwa mai tabarau ta zo da kyamara yini ɗaya ya miƙe. Ta san matsayinta a wurinsa yanzu, daidai gwargwado, kuma ta san nasa a wurinta. Amma bayanta ya daina ciwo, tana samun barcin sa'a guda da ba ta samu da, kuma wannan ba abin rainawa ba ne.

Can sai ga Khamis ya taso, riƙe da baho cike da wankakkun kaya, ya zo ya dire shi a gaban tabarmar. Ya ɗago rigar Jannat ɗaya yana ɗiga, ya juya ta gaba da baya don a ga wuyan ya fita. Ya tsaya yana haki, yana kallon matan biyu, yana jiran tafi.

"Kin ga yadda ta yi fari?"

Sailuba ta kalli rigar, ta kalli bahon, ta kalli igiyar da ke miƙe a tsakar gida babu komai a kanta.

"Shanyawa ake yi, Baban Jannat," in ji ta, ta miƙa hannu ta ɗauki wata masarar.